Panteka: inda tsohuwar a-kori-kura ta sami sabon sitiyari

Baƙon da ya sauka Kaduna ya ce wa mai Keke Napep ya kai shi Panteka, tambayar da zai fara sha ita ce: tsohuwa ko sabuwa? Tsohuwar Panteka tana Tudun Wada, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna wadda kowa ke kira Poli. Can ne matattarar maƙera, masu walda, kafintoci da masu zubin tukwane. Sabuwar kuma tana gefen babban titin Nnamdi Azikiwe, wato baifas, kuma kayan mota ne suka fi yawa a cikinta. Layi guda ƙofofi ne zalla a jingine kamar alluna a makarantar allo. Wani layin injina ne a ƙasa, kowanne da rubutun fenti a jikinsa. Ga fitilu, ga kujeru, ga rabin mota da aka yanko daga Turai ko Japan, gabanta lafiya lau, bayanta babu. Ƙarar guduma ba ta tsayawa sai lokacin salla, ƙasar wurin kuwa ta sha baƙin mai har ta daina tayar da ƙura.

Abin da ya kai ni can wata tsohuwar Fijo 404 ce, irin mai buɗaɗɗen baya da Hausawa ke kira a-kori-kura. Na same ta a wani gareji da ke bayan layin masu injina, an ɗaga gabanta a kan ƙafafun ƙarfe, an cire kujerar direba an ajiye a inuwa. Yawancin ɗaliban da ke karanta wannan shafi ba su taɓa shiga irinta ba, amma ku tambayi kakanninku. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, mai ɗaukar kayan ta biyo baya a 1967. Ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ba su fi na ƙauyukanmu kyau ba. A Kaduna kuwa Fijo 'yar gida ce, domin masana'antar kamfanin da ke Kakuri ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma cika titunan Nijeriya da 404 da 504. Shi ya sa har gobe za ka sami dattijon bakanike a garin nan da zai kwance injin Fijo ya mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba.

Mai motar dattijo ne da ke jigilar tumatir da barkono daga kasuwannin ƙauye, kuma motar ce cinsa da shansa. Injinta bai dame shi ba. Kukansa duk a kan abin da hannunsa ke riƙewa ne. Idan ta yi lodi, juya sitiyarin a tsaye ya zama kokawa, kafaɗarsa kuma ta fara gajiya. Sandar giya, wadda a 404 take maƙale a jikin sitiyari ta ƙarƙashin hannun direba, ta saki har sai ya yi lalube kafin ya sami giya ta biyu. Sigina ta mutu tun bara, da hannu yake nuna inda zai juya. Ham kuwa wata 'yar waya ce da yake taɓawa a jikin ƙarfe. Ya ga ɗan uwansa yana juya ƙaramar motar Japan da yatsa biyu, shi ne ya zo ya ce a yi masa irin wannan.

Kafin mu je ga yadda aka yi, ya kamata mu san abin da ake canzawa. Zoben da direba ke riƙewa kan sitiyari ne kawai. Daga tsakiyarsa akwai sandar ƙarfe da ta gangara cikin bututu, ta huda bangon da ya raba direba da inji, ta isa wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora. Haƙoransa suna cizon wata doguwar sanda mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wadda kanikawa ke kira rak. Ka juya zobe, sanda ta juya, rak ya zame hagu ko dama ya tura tayoyi. Dabarar ke nan gaba ɗaya, kuma a motocin da aka zana a zamanin 404 wannan sanda doguwa ce mai tauri, bakinta na sama yana kallon ƙirjin direba.

Ku tuna dokar Newton ta farko da aka koya muku a ajin fiziks. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan ta daki gada ta tsaya, jikin direba bai san an tsaya ba, zai ci gaba da tafiya da wannan gudun. A lokaci guda gaban motar yana lotsewa yana turo sandar baya. Ƙirji na zuwa, ƙarfe na zuwa. A Amurka an daɗe ana binne direbobi saboda wannan kafin a ɗauki mataki. Littafin Ralph Nader mai suna Unsafe at Any Speed, da ya fito a 1965, yana cikin abubuwan da suka tayar da ƙura a kan lafiyar masu shiga mota. Kamfanin General Motors ya sa sandar sitiyari mai lotsewa a motocinsa na 1967, daga 1968 kuma dokar ƙasar ta wajabta kariya irin wannan a ƙananan motocin fasinja. Sandar zamani biyu ce, ɗaya cikin ɗaya kamar eriyar rediyo, an riƙe su da 'yan ƙusoshin roba. A tuƙin yau da kullum suna juyawa tare kamar abu guda. Idan aka yi karo, robar ta karye, sanda ta shige cikin 'yar uwarta. Lissafin mai sauƙi ne: idan ƙirji zai tsaya cikin santimita 12 maimakon santimita 2, ƙarfin bugun ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida. Dattijon laushin hannu ya zo nema, amma wannan ne babban abin da zai tafi da shi gida, in har aka yi aikin daidai.

Na bi babban yaron garejin zuwa sayayya. Ogansa ya ba shi umarni uku: ya samo sandar ƙaramar mota mai taimakon lantarki, ya tabbata ta zo da ƙwaƙwalwarta da wayoyinta da makullinta, kuma kada ya karɓi wadda aka ciro daga motar da ta yi karo ta gaba. Yaron ya zaga shago biyar. A kowanne sai ya juya sandar a hannu, ya duba wurin da bututun biyu suka haɗu ko akwai alamar sun taɓa zamewa, ya duba bakin zaren noti ko an taɓa dukansa da guduma, domin duka ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya ƙusoshin robar nan ba tare da an gani daga waje ba. Ciniki ya ɗauki lokaci fiye da binciken. Mai shago ya rantse ita kaɗai ta rage a kasuwar, alhali ga uku a rataye a bayansa.

Yadda wannan sanda ke taimakon direba abin sha'awa ne. A cikinta akwai siririn ƙarfe da ke ɗan murɗewa duk lokacin da hannu ya juya zobe taya kuma ta yi gardama. Wata na'ura tana auna yawan murɗewar ta aika wa ƙwaƙwalwa, wadda kanikawa ke kira birenbos. Ita kuma ta ba wa wata ƙaramar mota ta lantarki da ke manne a jikin sandar wuta daidai gwargwado, ta taya juyawa. Ba famfo, ba mai, ba bel da ke cin ƙarfin inji, saɓanin tsohon tsarin mai amfani da mai da Chrysler ta fara sayarwa a 1951. Na lantarkin ya fara bayyana ne a wata ƙaramar Suzuki a 1988. Wannan ne kuma dalilin da ya sa zoben tsofaffin motoci yake da faɗi kamar faifai. Ƙarfin juyi shi ne ƙarfin hannu sau nisa daga tsakiya, don haka wanda ba shi da mai taya shi sai ya ƙara nisan.

Daga nan aiki ya koma awo. Ogan ya mayar da kujera, ya zaunar da dattijon, ya sa yara biyu suka riƙe sabuwar sanda a iska yana matsar da ita har hannun mai mota ya kai saman zobe ba tare da bayansa ya bar kujera ba, gwiwarsa kuma ta iya tashi daga totur zuwa birki ba ta bugi motar lantarkin ba. Ya yi alama da alli. Sai matsala ta fito: bakin sabuwar sanda ba ya kallon rak kai tsaye, akwai karkata tsakaninsu. Maganin shi ne gajeriyar sanda ta tsakiya mai gaɓa biyu, kowace gaɓa da gicciyen ƙarfe a cikinta don ta iya juyawa a karkace.

A nan ne lissafin kusurwa da wasunku ke gudu ya shigo gareji. Gaɓa ɗaya da aka lanƙwasa ba ta juyawa da gudu ɗaya. A kowane zagaye takan yi sauri sau biyu ta yi jinkiri sau biyu, kuma girman bambancin ya danganta da kusurwar. A digiri 30, inda cos yake 0.866, gudun yakan hau ya sauka da kusan kashi 15 cikin 100. Direba zai ji sitiyari yana laushi yana tauri a cikin kwana ɗaya. Amma idan gaɓa biyu ne, kusurwarsu ta zo daidai, kunnuwansu kuma suna kan layi guda, abin da ta farko ta ɓata ta biyu za ta gyara. Ogan bai ambaci cos ba ko sau ɗaya. Ya yanki kwali ya kwafi kusurwar gaɓa ta sama, ya kai ta ƙasa ya gwada, ya ce a ɗaga sandar da kaurin yatsa. Da aka sake gwadawa sun yi daidai.

Rigimar da na gani a garejin ta taso ne a kan haɗa gaɓar ƙasa da rak ɗin Fijo. Bakin ƙarfen Faransa da na Japan ba su da kauri ɗaya, tsagin haƙoransu ma ba ɗaya ba. Hanya mai sauƙi kowa ya san ta: a yanka nan, a yanka can, a haɗa baki da baki, mai walda ya zuba wuta, minti goma an gama. Dattijon ya so haka, domin kowane yini da motar ta yi a gareji tumatirin wani ne ke tafiya a motar wani. Ogan ya ƙi. Ya ce masa, cikin ladabi yana kiransa Baba, zafin walda yana canza halin ƙarfe a gefen ɗinkin, wurin yakan yi gautsi, kuma sandar sitiyari ana murɗa ta hagu da dama sau dubbai a kowace tafiya, ga dukan ramuka. Tsaga takan fara kamar silin gashi a ciki inda ido ba ya gani. Ranar da za ta ƙarasa ba ta sallama. Birki idan ya tsinke akwai na hannu, akwai giya. Sitiyari idan ya tsinke zobe ne kawai ke juyawa a hannunka, motar kuma ta tafi inda ta ga dama da kai da yaron motarka da duk wanda ke bakin hanya.

Ina ganin ogan ya yi gaskiya, kuma wannan ba tsoron banza ba ne a ƙasar nan. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, dokar hanya kuma ta hana amfani da motar da sitiyarinta ke dama. Duk da haka ana shigo da su saboda araha, a mayar da sitiyarin hagu, wani lokaci da yanka da walda irin wadda aka ƙi yi a nan, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan motoci. Abin da aka yi a maimakon haka ya ci yini guda da ƙarin kuɗi. Aka auna bakin ƙarafan biyu da ma'aunin baniya, irin wanda ke ɗakin gwaje-gwajen makarantarku, aka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe a Tsohuwar Panteka ya fitar da mahaɗi daga dunƙulen ƙarfe guda, kowane ɓangare da bakin da ya dace da shi, da ƙusar matsewa da ke ratsa wani tsagi ta yadda ko noti ya saki sandar ba za ta zare ba. Dattijon ya biya yana gunaguni.

Walda ta yi amfani a wani wurin. Motar lantarkin idan ta tura sanda dama, jikinta yana tura abin da ke riƙe da ita hagu da ƙarfi ɗaya, dokar Newton ta uku ke nan. Siririn ƙarfen dashbod na 404 ba a yi shi don wannan ba, zai yi ta lanƙwasa har ya yage. Aka gitta ƙarfe mai kauri daga ginshiƙin ƙofa zuwa ginshiƙin ƙofa, aka ɗaure sandar a jikinsa ta kunnuwanta na asali, waɗanda su ma an yi su ne su zame idan an yi karo. Wani ƙaramin yaro ya kawo shawarar a ɗan ɗiga walda a inda bututun biyu suka haɗu don kada ya yi motsi. Kallon da ogan ya yi masa ya isa amsa.

Giya ba ta ba da wahala ba. Tunda sabuwar sanda ba ta da wurin maƙala ta, aka sauko da ita ƙasa da kayan 504, aka huda bene aka rufe da roba.

Rana ta uku ta mai riwaya ce, wato mai wutar mota. Na fi jin daɗin kallonsa, domin shi kaɗai ne ke aiki da littafi. Ya zauna da sabon makunnin da ke ɗauke da sigina da fitila da waifa, da 'yar mitarsa, yana taɓa waya biyu-biyu yana motsa hannun makunni, duk inda mita ta yi ƙara ya rubuta. Cikin awa guda ya zana taswirar abin da ba shi ya ƙera ba. Ya nuna mini cewa makunnin zamani ba a yi shi don ɗaukar wuta mai yawa ba, umarni kawai yake bayarwa. Fitilar gaba biyu masu wat 55 kowace, a kan bolt 12, suna jan sama da amfiya 9, kuma da an bi da wannan ta cikin makunnin da ya narke cikin 'yan makonni. Sai ya sa rile a tsakani, makunni ya taɓa rile, rile ya buɗe wa fitila babbar hanya daga batir. Motar sitiyarin ita ce mai babban ciki. Idan ana juya taya a tsaye tana iya jan amfiya 40 ko fiye, wato wat 480, don haka ta sami wayarta mai kauri ita kaɗai da fiyus ɗinta kusa da batir, aka kuma cire tsohon dainamo aka sa altaneta. Akwai wani abu da ya rage a haka: ƙwaƙwalwar ta saba jin gudun mota don ta rage taimako a kan babbar hanya, tsohuwar Fijo kuwa ba ta da bakin gaya mata. Irin wadda aka sayo, idan ba ta ji komai ba, takan tsaya a matsakaicin taimako, kuma mai riwayar ya ce ga motar lodi hakan ya fi sitiyarin da ya yi laushi da yawa a guje.

Sabon zoben ya zo da jakar iska a cikinsa. Aka cire ta a hankali, domin akwai sinadarin fashewa a ciki, kuma ba tare da na'urorin jin karo ba ba za ta buɗe lokacin da ake so ba. Ogan ya sa bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, irin wanda Volvo ta fito da shi a 1959, ya ɗaure shi a ginshiƙi da faranti a baya. Sanda mai lotsewa ba ta da wani amfani sosai ga direban da ya tashi sama ya bugi gilashi.

Irin wannan aiki a Amurka wasan masu hali ne. Mutum zai sayi Ford F-100 ko Chevrolet C10 ta shekarun 1960, ya yi odar sabuwar sanda da aka ƙera daidai da motarsa daga kamfani irin su Ididit na jihar Michigan, ta zo a kwali da takardar bayani, ya ɗaura ranar Asabar, ya kai motar baje koli a yi ta ɗaukar hoto. A Panteka babu kwali babu takarda, motar kuma kasuwa za ta koma da asuba. Wanda ya haɗa ƙarfen Japan da na Faransa da kwali da alli da baniya ya yi aikin injiniya, ko da kuwa ba shi da shaidar da zai nuna. Wannan giɓi ne Poli ta fara cikewa, inda take haɗa kai da masu sana'ar Panteka ana gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida a ƙarƙashin tsarin Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ma a Kaduna take. Biyu daga cikin yaran garejin 'yan sakandare ne, da kayan makaranta suke zuwa bayan an tashi, su canza a bayan wata matacciyar bas. Ɗaya daga cikinsu ne ya karanta baniyar, domin idon ogan ya fara rauni a kan ƙananan layuka.

Gwaji aka fara tun motar tana sama. Aka juya zobe daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana ƙirgawa, aka raba biyu don a sami tsakiya, sannan aka zaunar da zoben a miƙe, in ba haka ba sigina ba za ta kashe kanta bayan kwana ba. Aka zare fiyus ɗin motar lantarki aka sake juyawa, don a tabbata ko wuta ta ɗauke a hanya sitiyarin zai yi nauyi ne kawai, ba zai kulle ba. Ogan ya shiga ƙasa ya bi kowane noti da sifana, ya ɗiga wa kowanne jan fenti don in ya motsa a gani. Sannan aka sauke ta, aka loda mata tsofaffin injina biyu a baya a madadin kwandunan tumatir, dattijon ya fita da ita baifas ogan yana gefensa. Da suka dawo ya juya ta a cikin ƙunƙuntar farfajiyar da hannu ɗaya, ya danna ham sau uku ba tare da dalili ba.

Ogan ya gargaɗe shi kada ya riƙa murza taya a tsaye don ya ga ya sami sauƙi, domin rak ɗin tsoho ne kuma yanzu ƙarfin da ke sauka a kansa ya fi na da. Ya kuma nuna masa cewa birkin motar layin mai ɗaya ne, bututu guda ya fashe duk ƙafa huɗun sun tafi. Suka yi alkawarin wannan sai bayan kakar tumatir. Tsohon zoben mai tambarin zaki kuwa bai kwana a garejin ba, wani mai shago daga layin gaba ya zo ya saye shi tare da sandarsa da sandar giyar, ya ce akwai mai 404 a Zariya da ya yi wata biyu yana nema.